Yadda na bi sawun injin feshin kakana daga ɗakin shirgi har gidan tarihi

Abin ya faro ne ranar da 'yan gwangwan suka shigo layinmu a ƙauye, bayan rasuwar kakana Baba Tsoho da kamar wata huɗu, an buɗe ɗakin shirginsa ana ta fito da kaya, tsohuwar fitilar ƙwai, garma, ƙafar keke, rediyon da ya daina magana tun ina firamare, sai ga ƙanina ya jawo wani dogon abu mai kama da tukunyar gas ya ɗora a kan sikelin mai gwangwan. Ni ina kan dakali ina danna waya ban ma kula ba, kakata Iya ce ta leƙo daga zaure ta ce kai kai kai, ku sauke min wannan, ai injin feshin Malam ne na lokacin aikin sauro. Mai gwangwan ya ce Hajiya silba ne fa zan ƙara miki kuɗi, ta ce ko nawa za ka ƙara ba na sayarwa ba ne, ɗauki sauran ka tafi.

Da yamma na jawo shi tsakar gida na zauna ina dubawa. Tanki ne na farin ƙarfe, tsayinsa ya kusa kai min gwiwa, da maɗaurin ratayawa a kafaɗa wanda ya bushe ƙamas, da hannun famfo a sama, da ɗan agogon auna iska gilashinsa ya tsage, tiyon ya farfashe kamar fatar ƙadangare amma sandar feshin ta tagulla tana nan lafiya ƙalau. Na sa yatsa na goge ƙurar jikinsa sai ga rubutu, Hudson X-Pert, can ƙasa kuma wata lamba da aka rubuta da jan fenti da hannu. Na ce Iya wane aikin sauro ne wannan? Ta ce na Turawan Garki mana, lokacin ina goyon babanka, sai su zo su ce a fitar da komai na ɗaki waje, randa da tukwane da hatsi da tabarma, a kore kaji, su shiga su fesa bango har jinka, warin ya kwana biyu bai fita ba, kuma har jini suke ɗiba a yatsa su shafa a gilashi. Wallahi shekarata talatin da ɗoriya ban taɓa jin wannan labarin ba, kuma mutumin nan na zauna da shi ba adadi muna hira.

A daren na hau intanet, kuma abin da na gani ya hana ni barci. Ashe aikin Garki ba ƙaramin abu ba ne a duniyar masu binciken maleriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ce da gwamnatin Najeriya suka yi shi daga 1969 zuwa 1976, lokacin Garki tana cikin Jihar Kano tunda sai 1991 aka yanki Jigawa. An yi feshi a ƙauyuka 164, an ware 22 ana bibiyar mutanensu ɗaya bayan ɗaya ana duba jininsu duk bayan mako 10, feshin kansa a daminar 1972 da ta 1973 aka yi shi da wani magani mai suna propoxur, wato irin sinadarin da aka san Baygon da shi, wasu ƙauyukan kuma aka haɗa musu da rabon ƙwayar magani ga kowa da kowa. Akwai littafi guda mai shafi sama da 300 da wasu masana biyu, Molineaux da Gramiccia, suka fitar a 1980 a kan aikin, kyauta ake sauke shi, na sauke na yi ta ja har datata ta ƙare. Ga sunayen garuruwan da na sani tun ina yaro, Sugungum, Rafin Marke, a cikin jadawali da taswira. Sakamakon kuma ba mai daɗi ba ne, feshin ya karya ƙarfin sauro wajen yaɗa cutar da kusan kashi 90 cikin 100 amma masu ɗauke da ƙwayar cutar a jini kusan kashi 25 kawai suka ragu, saboda wani ɓangare na sauron idan ya ci jini ba ya sauka a bangon ɗaki balle maganin ya kama shi, waje yake ficewa, kuma ko inda aka haɗa da ƙwaya cutar ta faɗi ƙasa sosai amma ba ta yanke ba, da aka daina ta dawo. Har yau masu lissafin yaɗuwar maleriya da alƙaluman Garki suke gwada lissafinsu. To a nan ne na ji a raina cewa wannan injin bai kamata ya ƙare a ɗakin shirgi ba balle a tukunyar narka ƙarfe.

Ni a tunanina abin mai sauƙi ne, ka ɗauki kaya ka kai gidan tarihi su karɓa su yi godiya. Rabona da irin wurin nan tun zuwan da makarantarmu ta kai mu Gidan Makama muna sakandare muka ga sulke da bindigogin da da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. Na sa injin a buhu na ɗaure a bayan mashin na nufi wani gidan tarihi da ke kusa da mu, mai gadi ya haɗa ni da wata Hajiya da ke kula da adana kaya, mace mai natsuwa, ta sa safar hannu kafin ta taɓa, ta juya shi ta duba gindinsa ta leƙa lambar jan fentin, sannan ta ɗago ta ce, ɗana, me zai nuna min cewa wannan na aikin Garki ne? Na ce ai Iya ce ta faɗa. Ta ce na yarda da Iya, amma irin wannan injin kamfanin Hudson na Amurka ya ƙera su da yawan gaske, an yi feshin sauro da su a ƙasashe da dama, ma'aikatun lafiya sun raba, manoma sun saya, idan na ajiye shi babu labarinsa a rubuce nan da shekara ashirin wanda zai gaje ni tanki kawai zai gani. Ta ce in je in nemo abu uku, wanda ya riƙe shi, inda aka yi aiki da shi, da yadda ya zo hannunmu, kuma duk wanda ya gaya min magana in rubuta ranar da wurin.

Sai ta tambaye ni ko na wanke shi, na ce a'a amma na sayi omo da soson ƙarfe da niyyar in goge shi ya yi ƙyalli kafin in kawo, lokaci ne ban samu ba. Ta ce Alhamdulillahi da ba ka samu ba, wannan lambar ta jan fenti ita ce shaidarka mafi ƙarfi, soso ɗaya zai tafi da ita. Kuma ta ce kar in buɗe murfin a cikin ɗaki, kar yara su yi wasa da shi, don ba a san me aka zuba a ciki na ƙarshe ba, kuma gaskiyarta ne don daga baya Iya ta ce Malam ya yi shekaru yana feshin wake da shi.

Akwai wata magana da ta yi da ta tsaya min a rai. Ta ce ta taɓa aiki a Legas, can babban abokin gabarsu iskar teku ce, idan igiyar ruwa ta daki gaɓa tana watsa wani feshi siriri da ido ba ya gani, iska ta kwaso shi da gishirinsa ta shigo da shi gari ya sauka a kan komai, gishirin ya riƙa jan laima, ƙarfe ya yi ta tsatsa, tagulla ta fara fitar da wani koren gari tana cin kanta, ko wannan farin ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa sai ka ga ya yi ƙananan ramuka kamar zanen ƙyanda. Ta ce da a bakin teku kakanka ya ajiye wannan shekara hamsin da ba haka za ka same shi ba, bushewar ƙasarmu ce ta riƙe maka ƙarfen, amma ita ce kuma ta cinye robar da fatar. Ni ban taɓa tunanin cewa ajiyar kaya ma tana da ruwa da inda gari yake ba.

Daga nan na shirya tafiya Kaduna, don kowa na tambaya sai ya ce min je ka gidan adana takardun tarihi na ƙasa, manyan rassansa uku ne, Ibadan da Inugu da Kaduna, na Kaduna shi ke riƙe da takardun Arewa. Wani abokina malamin jami'a ya ce kar in je hannu rabbana, in tafi da katin shaida da hoto da takarda mai bayanin abin da nake nema, kuma in sayi fensir. Na sauka a Kawo da sassafe na hau Keke zuwa titin Yakubu Gowon. Na cika fom na biya kuɗin rajista, na ajiye jakata, aka nuna min tebur. Tsarin shi ne ba ka shiga inda fayilolin suke, kundin jerin sunayensu ake ba ka ka yi ta bi layi-layi, in ka ga wanda kake so ka rubuta lambarsa a 'yar takarda ka miƙa, a shiga a ɗauko maka. An kasa su bisa ofishin da suka fito, na Sakataren Lardunan Arewa daban, na kowane lardi daban, za ka ga KANOPROF na Kano, SOKPROF na Sakkwato, haka dai.

Wani dattijo ma'aikaci da ya ga ina ta juya shafi tun safe ya matso ya ce samari me ake nema ne? Na faɗa masa. Ya ce wace shekara? Na ce 1972. Ya yi murmushi ya ce to ka ga a 1967 aka raba Jihar Arewa aka yi jihohi, yawancin abin da ke nan na kafin wannan ne, takardun da Jihar Kano ta yi bayan nan can ya kamata ka nema, amma tunda ka zo kar ka koma haka, nemi abin da aka yi kafin Garki don ka san daga ina aka taso. Na ce Baba na gode, kuma shawarar nan ita ta sa tafiyar ba ta tashi a banza ba. Kwana biyu na yi ina karanta takardun yaƙi da sauro na zamanin Turawa, siraran takardu da aka buga da tafireta, allurar da aka maƙale su da ita ta yi tsatsa ta bar tabo ja a kusurwa, in za ka juya sai ka tallafa da tafin hannu don kar ta karye. Sai a lokacin na haɗa zaren, maganin kashe ƙwari na DDT da wani masani ɗan Siwizalan Paul Müller ya gano ƙarfinsa a 1939 har aka ba shi kyautar Nobel a 1948, da gwajin feshin gida-gida da aka fara a yankin Birnin Kebbi a 1954, inda ba a je ko'ina ba sauron ya daina jin ɗaya daga cikin magungunan mai suna dieldrin, da shirin kawar da maleriya daga duniya baki ɗaya da aka ƙaddamar a 1955 aka sauka daga kansa a 1969. Wato Garki ta zo ne daidai lokacin da ake tambayar shin a irin ƙasarmu ta savana abin zai yiwu kuwa in an zuba duk ƙarfin da ake da shi.

Amma abin da ya dame ni a takardun nan, kuma har yanzu yana damuna, za ka ga sunan likita, sunan jami'i, sa hannunsa da kwanan wata, za ka ga lissafin magani da na ɗakuna, amma mutanen da suka rataya injin a kafaɗa suka shiga ɗaki-ɗaki cikin zafi suna shaƙar wari, su adadi ne kawai, lebura kaza. Na zauna a teburin nan ina tuna kafaɗar Baba Tsoho ta dama da ta ɗan karkace, muna yara muna zaton tsufa ne.

Da na dawo na bi shawarar dattijon na je wani ofishi da aka ce min can tsofaffin fayilolin lafiya suke, ba zan kira sunansa ba. Sau uku ina zuwa, yau mai makulli ba ya nan, gobe a kawo takarda daga sama, da aka buɗe min ɗakin a ƙarshe sai da na ja baya, rufin ya yi yoyo, fayiloli a ƙasa a tare kamar an zubar da yayi, gara ta yi gini a jikinsu har kusan taga, ka ɗaga ɗaya ya zube a hannunka. Wanda ya buɗe min shi ma ransa a ɓace yake, ya ce ya sha rubutawa a kawo kanta. Ban samu komai ba a nan, na fito idona ya cika da ƙwalla don na san a cikin wannan tarin akwai kakannin mutane da yawa ba nawa kaɗai ba.

Iya ce ta sake fitar da ni. Da na ba ta labari ta ce kai ma da ka tsaya wahalar da kanka, ai abokin aikinsa yana nan da rai a ƙauyen gaba, tare suke fita. Ranar kasuwa na saya masa goro da sukari na tafi, na same shi a ƙofar gida a kan buzu, ido ya yi rauni amma kai garau. Na durƙusa na gaishe shi na ce Baba ni jikan wane ne, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba yana yi wa mamacin addu'a. Na nemi izininsa in ɗauki muryarsa a waya ya ce ɗauka mana. Da na ciro injin daga buhu ya shafa shi ya kai hannu kan famfon, wallahi sai jikinsa ya tuna, ya miƙe da sandarsa ya fuskanci bangon zaure ya nuna min yadda ake yi, ka tsaya ka miƙa sandar feshin bakinta ya yi nesa da bango kamar kamu ɗaya, ka fara daga sama ka sauko a hankali kana ƙirge a zuci, ka matsa gefe ka hau daga ƙasa, sabon layi ya ɗan hau kan tsohon don kar a bar gibi, in allurar agogon ta sauka ka tsaya ka ƙara iska, kuma kana yi kana girgiza tankin don garin maganin kar ya kwanta. Ya ce kafin a ba su magani sai da suka yi kwanaki suna koyo da ruwa zalla a jikin wani bango. Daga baya na duba ƙa'idar feshin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa, santimita 45 daga bango, faɗin layi santimita 75, kusan abin da tsohon nan ya nuna min da hannu ba tare da ya san lamba ko ɗaya ba.

Ya ba ni labarin masu kamun sauro ma, waɗanda ke kwana zaune da ƙafa a buɗe da tocila da wani ɗan bututu, sauro na sauka su zuƙe shi su sa a kofi, da masu zuwa da asuba su shimfiɗa farin ƙyalle a ɗaki su fesa su tsince waɗanda suka faɗo su ƙirga. Ya ce shekarar ta biyu fari aka yi mai tsanani, hatsi ya yi wuya, albashin feshin nan shi ya riƙe gidaje da yawa. Na ce Baba wannan lambar fa ta jan fenti? Ya ce kowa da lambar injinsa, da yamma in an dawo sai ka wanke ka kife shi a layi, in wani abu ya lalace a san na wane ne. Ya faɗi tasa lambar, ya faɗi ta kakana tun kafin in karanta masa, kuma ita ce a jiki. Nan jikina ya yi sanyi. Yadda injin ya zauna a hannun Baba Tsoho kuwa, ya ce da aiki ya ƙare an bar wa wasu daga cikinsu injinan da suka tsufa, nasa shi ya daɗe da sayarwa.

Da na koma gida na kunna wa Iya muryar, ta saurara har ƙarshe ba ta ce komai ba, sai ta tashi ta jawo adakarta daga ƙarƙashin gado ta ciro wani gwangwanin alewa, cikin tsofaffin takardun haraji da katin asibiti ga hoto baƙi da fari, maza shida a tsaye da kaki da hula kowa da inji a gabansa, a baya an rubuta 1973 da biro. Na ce Iya kina da wannan tun farko? Ta ce ai ba ka tambaye ni hoto ba, takarda ka ce kana nema.

Na koma wurin Hajiya da kaya cikakku, injin, hoton, muryar tsohon a filashi, da shafi huɗu da na rubuta da hannuna na wanda ya faɗi me da ranar da ya faɗa. Ta saurari muryar da abin kunne tana gyaɗa kai. Sannan aka shiga nasu aikin, an fitar da injin fili ta sa takunkumi da safar hannu ta buɗe murfin a hankali, ciki a bushe sai wani farin gari a gindi, ta ce za su kwashe shi su killace ba za a zubar a kwata ba. Ta share ƙurar da burushi mai laushi kawai, ta auna tsayi da faɗi, ta ɗauki hoto ta kowane ɓangare da 'yar ma'auni a gefe, ta rubuta duk wani lahani har tsagewar gilashin agogon. Tiyon da ya farfashe na ce ko in sayo sabo a kasuwa a sa, ta ce a'a, a haka za a bar shi, sai dai a tallafe shi kar ya ƙarasa karyewa. Hoton kuma ta ce kwafi za su ɗauka, asalin ya koma wurin Iya tunda nata ne.

Sai fom ɗin kyauta, inda ake so a tabbatar cewa mai bayarwa yana da ikon bayarwa kuma ba zai dawo gobe ya ce a ba shi abinsa ba. Wannan ya ɗan ja lokaci don kayan gado ne, sai da na bi baffannina da goggonnina ɗaya bayan ɗaya, wani baffana ya ce shi bai ga dalilin kai wa gwamnati kayan ubansa kyauta ba, na kunna masa muryar tsohon nan daidai inda ya faɗi lambar, ya yi shiru, ya ce kawo in sa hannu. Iya ta dangwala yatsa. Aka ba ni takardar karɓa ta wucin gadi aka ce sai kwamiti ya zauna, na jira wata biyu da 'yan kwanaki kafin Hajiya ta kira ni ta ce an amince.

Ranar da na je ta nuna min katin da aka ɗaura masa da zare, da sabuwar lambarsa ta gidan tarihi, a layin wanda ya yi amfani da shi an rubuta cikakken sunan Baba Tsoho da garinmu da 1972 zuwa 1973. Ba a fito da shi inda baƙi ke gani ba tukunna, yana ɗakin ajiya a kan kanta. Ta ce in zan iya in samo mata sunayen sauran mutanen da ke cikin hoton a haɗa a fayil ɗin. Biyu mun sani, kakana da abokinsa, na uku Iya ta gane shi ta ce mutumin Sugungum ne, saura uku. Na sa an faɗaɗa hoton a shagon wankin hoto ya yi girman littafi don idon tsohon ya iya gani, ranar kasuwa mai zuwa zan kai masa in Allah ya kai mu.